Ko Kun Sani? Tekun da Ba a Shiga Sai da Izini

Papahānaumokuākea yanki ne na teku da ƙananan tsibirai a arewa maso yammacin Hawai ta Amurka. An keɓe shi a 2006, aka faɗaɗa shi a 2016 har ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 1.5, wato ya fi Najeriya faɗi nesa ba kusa ba.

Gudanar da aiki a cikinsa sai da takardar izini, ko mutum masanin kimiyya ne, ko mai kwashe tsofaffin tarunan kamun kifi da igiyar ruwa ke kawowa, ko ɗan asalin Hawai mai raya al'adar kakanninsa.

Sauka a wasu tsibiran ya fi tsauri. Dole tufafi da takalma su zama sababbi fil, don kada irin baƙuwar ciyawa ya maƙale musu, sannan a ajiye su cikin firiza awa 48 domin kashe ƙwari. Jirgin ruwan da zai kai mutane can ma sai an duba ƙasansa, an tabbatar babu ɓera a cikinsa.

Wannan tsanani yana da dalili. Zomayen da aka kai Laysan, ɗaya daga cikin tsibiran yankin, a farkon ƙarni na 20 sun cinye kusan duk tsirransa, har wasu nau'o'in tsuntsaye da babu irinsu ko'ina a duniya suka ƙare.