Fim ɗin Umar Mukhtar: Yaƙin hamada da tabon da ido ba ya gani

Ranar Lahadi da yamma, bayan kasuwar Pitowa ta watse, muna zaune a teburin mai shayi muna jiran motar Garwa, sai muka ga samari sun yi cincirindo a kan wayar salula guda. Da muka leƙa, ashe tsohon fim ɗin nan ne na Umar Mukhtar, wanda da yawanmu muka fara kallo tun zamanin kaset ɗin bidiyo.

Fim ɗin, mai suna Zakin Hamada, ya fito ne a 1981, kuma Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, shi ne ya shirya shi da kuɗin gwamnatin Libiya. Antoni Kwin ne ya fito a matsayin Umar Mukhtar, malamin allo ɗan ɗariƙar Sanusiyya wanda ya yi shekara 20 yana gwabzawa da sojojin Italiya, tun shigarsu Libiya a 1911 har ranar 16 ga Satumba, 1931 da suka rataye shi a Suluƙ a gaban dubban mutanensa. Italiya ta hana nuna fim ɗin a 1982, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can.

Samarin nan dawakai da ƙarar bindiga suke yi wa shewa, amma mu 'yan kasuwar kan iyaka wani abu daban ya kamata mu lura da shi. Da Janar Garaziyani ya ga ya kasa kama dattijon nan a fagen fama, sai ya datse masa hanyar abinci. Ya ja waya mai ƙaya ta kimanin kilomita 270 a iyakar Libiya da Masar, ya kwashe makiyaya wajen 100,000 ya tsare su a sansanoni inda yunwa da cuta suka kashe dubbai, kuma a Janairun 1931 ya kame Kufra, zangon ayarin da ke fatauci tsakanin Bangazi da Wadai. Da hanya ta mutu, sai yaƙin ya mutu.

Haka kuma fim ɗin ya nuna yadda yaƙi ke cin zuciya. Akwai mayaƙan da ke ɗaure ƙafafunsu don kada tsoro ya sa su gudu. Akwai hafsan Italiya da ya ƙi bin umarnin kashe fararen hula, ya rasa ransa a hannun nasa. Akwai kuma yaron da ya rasa uwa da uba, wanda a ƙarshe ya tsinci tabarau ɗin dattijon a gindin gungumen rataya. Wa ya san abin da yaron nan zai riƙa gani a mafarki har tsufansa?

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A Fabrairun 2008 dubban mutanen Injamena sun tsallako zuwa Kusuri da abin da hannunsu ya iya ɗauka. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwannin Banki da Amcide, ya tsayar da zirga-zirga tsakanin Gamboru da Fotokol, bayan an buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira suna tare da mu a rumfuna: direban da ke firgita idan taya ta fashe, da ɗan dakon da ba ya iya barci, da tsohon mai shago da ya daina magana.

Likitoci sun san wannan larura ta firgici bayan tashin hankali, kuma tana da magani. Don haka kada mu yi saurin cewa wane ya zama rago ko ya taɓu. Mu saurare shi, mu yi masa sassauci a bashi, mu haɗa masa addu'a da rakiya zuwa asibiti, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma gobarar maƙwabci ba abin kallo ba ce.

In za mu sake kallon fim ɗin da yaranmu, mu nuna musu yaron nan mai tabarau kafin mu nuna musu dawakai. Allah ya zaunar da iyakokinmu lafiya, amin.