Kwangilar ɗaukar hoton tsofaffin takardu: darasin birnin Liyon

A shekara ta 2008, majalisar birnin Liyon na ƙasar Faransa ta amince da wata kwangila wadda ta jawo gardama mai tsawo. Babban ɗakin karatu na birnin yana so a ɗauki hoton tsofaffin littattafansa, kimanin 500.000, a zuba su cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, domin mai bincike ya karanta ba tare da ya taɓa takardar ba. Hukumar birnin ta yi kiran masu neman kwangila, kamar yadda doka ta tanada, amma kampani guda ne tak ya kawo tayi, wato Google na Amurka.

A ido, cinikin ya yi kyau. Kampanin ya ɗauki nauyin aikin gaba ɗaya, birnin bai biya kuɗin ɗaukar hoto ba, kuma an ba ɗakin karatun nasa kwafen. Sai a ƙarshen 2009, bayan da ƴan jarida suka matsa, aka fito da takardar yarjejeniyar fili. Nan jama'a suka ga sharaɗin da ke ciki: har tsawon shekara 25, Google ne kaɗai ke da ikon yin kasuwanci da hotunan. Littattafan na nan a hannun birnin, amma ribar hotonsu ta koma wani hannu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A 2013 irin wannan gardama ta sake tashi a Paris, lokacin da Ɗakin Karatu na Ƙasa ya ƙulla yarjejeniya da kampanin ProQuest kan littattafai 70.000 da aka buga tsakanin 1470 da 1700. Kampanin ya sami damar sayar da izinin karanta mafi yawansu na shekara 10, abin da ya sa ƙungiyoyin ma'aikatan ɗakunan karatu suka koka cewa an sa shinge ga dukiyar kowa da kowa.

Ɗan kasuwar da ya saba da kwangilar gwamnati ya san ƙa'ida: in an cika sharuɗɗa, mai farashi mafi sauƙi shi ke ci. Wannan ƙa'ida ta dace da sayen siminti ko kujerun makaranta, domin ana ƙirga kaya a ga ingancinsu ranar karɓa. Aikin takardun tarihi ya sha bamban. Aibinsa ba ya fitowa sai bayan shekaru, ranar da wani ya nemi shafi ya tarar da hoton ya yi dishi-dishi, ko babu jerin sunayen da zai kai shi gare shi. Na'urar ma tana tsufa. A 1986 gidan rediyon BBC ya tara bayanai kan rayuwar mutanen Birtaniya cikin faifai na zamanin. Zuwa 2002 da ƙyar ake samun injin da zai buɗe shi.

Zancen ya shafi Nijar kai tsaye. A Yamai, cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni tana riƙe da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Ban da su, akwai takardun filaye, da na haihuwa, da na aikin ma'aikata, waɗanda gara da damina ba sa ragawa. Ma'aikacin da takardunsa suka ɓace yana iya shan wahala kafin ya ga kuɗin ritaya. Ɗan kasuwar da shaidar filinsa ta lalace yana iya ƙarewa gaban alƙali.

Saboda haka duk hukumar da za ta ba da irin wannan aiki, wajibi ne takardar sharuɗɗanta ta fayyace abubuwa huɗu tun kafin a buɗe tayi: hotunan mallakar ƙasa ne, takardun asali ba za su fita daga ma'ajiyarsu ba, kuma ba za a zubar da su ba, za a ajiye kwafe a wurare biyu aƙalla, sannan ɗan kwangila zai horar da ma'aikatan gida kafin ya tafi. Yarjejeniyar kuma a buga ta kowa ya gani ranar sa hannu, kada a jira sai ƴan jarida sun nema, kamar yadda aka yi a Liyon.