Wankin mafitsara da jan ruwan da ke firgita dangi

A ɗakin da nake jinyar maza bayan tiyata, babu abin da ke tayar da hankalin dangi kamar jakar da ke rataye a gefen gado cike da jan ruwa. "Sista, jinin Baba zai ƙare!" Nakan ce su kwantar da hankali, yawancinsa ruwan gishiri ne da mu muke zubawa.

Akwai ƙullutu a wuyan mafitsarar namiji, furostet, wanda kan kumbura ya tare fitsari idan shekaru suka ja. Bayan an kankare shi wurin yakan yi ta tsattsafar jini, in jinin ya daskare kuma sai gudansa ya toshe hanya. Shi ya sa ake sa robar fitsari mai baki uku: ɗaya na hura 'yar balan-balan da ke riƙe ta a ciki, ɗaya na shigar da ruwa, ɗaya na fitarwa. Ruwan na gudana dare da rana, muna ƙara gudunsa ko mu rage gwargwadon launin abin da ke fita. Galibi cikin kwana ɗaya ko biyu ja yakan koma fatsi-fatsi, sannan ya washe.

Abin da nake tsoro shi ne jaka ta daina cika alhali ruwa na shiga. Mara ta kumbura, dattijo na murƙususu yana cewa fitsari ya matse shi. Guda ne ya toshe robar. A kira mu nan take mu zuƙe shi da babban sirinji. Kuma don Allah kada mai jinya ya taɓa makunnin ruwan, ko da tausayi ne ya sa shi.

Akwai kuma zuba magani, inda ake so ruwan ya zauna. Ga mai ciwon dajin mafitsara da bai ci bangonta ba, akan ɗura BCG, maganin nan na rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai. Wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya bayyana wannan hanya a 1976. Majinyaci zai riƙe maganin kamar awa biyu kafin ya yi fitsari, sau ɗaya a mako har mako shida.

Abin da ke damuna shi ne a wajenmu fitsarin jini ba ya firgita mutane, an saba da tsargiya tun ƙuruciya. Ita kanta in ta daɗe tana iya jawo dajin mafitsara, kuma da yawa sai ciwon ya wuce inda BCG ke aiki suke isowa asibiti.