Jerin Zakarun Ƙwallon Nijeriya da Abin Lura a Cikinsa

Ya ku malamai da 'yan kasuwa masu karanta wannan fili, kada ku yi mamaki don yau maganar tamaula muka ɗauko. Samarinmu na Gusau da Tsafe da Bungudu sun haddace zakarun Ingila da Sifen kamar karatun allo, alhali kuwa ƙasarsu tana da nata jerin zakaru, kuma a cikinsa akwai abin lura ga duk mai rumfa a kasuwa ko mai makaranta a zaure.

Ga yadda ka'idar gasar take. A yawancin shekarun nan ƙungiyoyi 20 ne ke shiga. Kowace za ta kara da 'yar'uwarta sau biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, watau wasa 38 ke nan. Wadda ta ci tana da maki 3, in an yi kunnen doki kowa 1. Ranar da aka rufe lissafi, mai rinjayen maki ita ce zakara, na can ƙasa kuwa a sauke su zuwa aji na biyu. Saboda haka sa'ar yini guda ba ta ba da wannan kofi. Kamar noman damina yake, sai wanda ya jure tun daga shuka har girbi.

An fara gasar ƙasa baki ɗaya a shekarar 1972, kuma Arewa ce ta buɗe littafin, domin Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ita ta fara ɗauka. Daga nan kofin ya gangara Kudu. Bendel Insurance ta Benin ta karɓa a 1973, kāna Rangers ta Inugu ta kafa daularta, ta ci sau shida tsakanin 1974 da 1984, tana ja-in-ja da Shooting Stars ta Ibadan. Ana tsakiyar wannan sai Raccah Rovers ta Kano ta kutsa ta ɗauke a 1978. Dattawan Kano har yau suna tuna wannan shekara, gama daga ita sai da birnin ya yi shekara 30 cur yana jira.

Sai zamanin attajirai da kamfanoni ya zo, kuma a nan nake son 'yan kasuwa su buɗe kunne. Ƙungiyar wani banki, New Nigeria Bank, ta ci a 1985. Leventis United ta Ibadan, mallakar kamfanin ciniki, ta tashi daga aji na uku ta hau na biyu ta hau na ɗaya a shekara uku a jere, ta ɗauki kofi a 1986, ba a daɗe ba masu ita suka rufe ta. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, mai ɗauke da sunan attajirin da ke ciyar da ita, ta ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, shekarar da aka mai da gasar ta zama sana'a da albashi, ta kuma ƙara a 1993. Julius Berger ta masu gina hanya ta ci a 1991 da 2000, BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko ta ci a 1994.

To, ina suke yau? Leventis ta zama labari. Ta banki ta watse. Raccah Rovers babu ita. BCC ta dushe da kamfanin ya ja baya. Iwuanyanwu kuwa a 2006 ta koma hannun gwamnatin Imo, aka sake mata suna Heartland. Ba rashin gwanaye ya kashe su ba. Rijiyarsu ɗaya ce, ranar da ta ƙafe kowa ya ɗauki gugansa ya yi gaba. Mu mutanen Gusau ba ma bukatar a fassara mana wannan, mun ga yadda unguwa ke yin tsit in masaƙa ta daina aiki.

Da aka shiga sabon ƙarni sai Enyimba ta Aba ta karɓi tuta. Ta fara a 2001, kuma zuwa 2023 ta ɗauka sau tara, ba wadda ta riga ta kai wannan adadi. Ita ce kuma ta kawo wa Nijeriya kofin zakarun Afirka a 2003, ta maimaita a 2004.

Kano Pillars, wadda masoyanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida, an kafa ta a 1990. Shekara 18 tana nema kafin ta samu a 2008. A shekarar da ta biyo ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Sa'an nan ta ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 har zuwa 2015 ba baƙon da ya doke ta a gida a wasan gasar, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan lago. Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 2022 wannan Pillars ɗin aka sauke ta zuwa aji na biyu. Sai dai ba ta mutu ba, bayan shekara guda ta komo, domin Kanawa ba su juya mata baya ba.

Haka Rangers. Daga 1984 ba ta sake ganin kofin ba sai 2016, shekara 32, yaron da aka haifa a farkon jiran har ya yi iyali. Duk da haka mutanen Inugu suka riƙe ta, ta kuma sake ci a 2024. Ga bambancin ke nan. Wadda ke tsaye kan aljihun mutum ɗaya takan tashi kamar wutar kara. Wadda gari ya ɗauka tasa ce kuwa takan yi jinya ta warke.

Kada mai karatu ya zaci cewa hannun gwamnati shi ne magani. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi baitulmalin jiha ke riƙe da su, kuma an sha jin 'yan wasa suna kukan albashin watanni, ko a sake gwamna a sake shugabanni. Wannan kuwa zalunci ne, haƙƙin ɗan ƙodago ba abin wasa ba ne ko da aikinsa wasa ne. Kuma ba a ce attajiri ba zai iya ba. Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname. Sai dai shi ya gina filin wasa, ya buɗe makarantar renon yara, ya haƙura ƙungiyar ta zo ta biyu a 2023 da 2024, kāna ta ɗauka a 2025. Ya dasa itace ne, bai sayo inuwa ba.

Yanzu mu dawo gida. A duk ƙasashen Sakkwato da Kabi da Katsina da Zazzau da Zamfara, zuwa 2025 babu ƙungiyar da sunanta ya shiga wannan jeri. Zamfara United ta Gusau ta zauna cikin manya wasu shekaru, daga baya ta sauka. Ba don babu yara masu ƙafa ba ne, duk wanda ya ratsa filayen makarantu a Tsafe ko Bungudu bayan la'asar ya san akwai su. Abin da babu shi ne riƙo mai ɗorewa. In attajiranmu suna da niyya, to, kada mutum ɗaya ya ɗauka don a kira sunansa. A haɗa hannu kamar yadda ake haɗa jari, a rubuta shiga da fita, a biya yaro haƙƙinsa a kan lokaci, a fara daga gasar unguwanni.

Mu malamai kuma namu shi ne tsawatarwa. Motsa jiki ba laifi ba ne muddin an suturta jiki, an tashi in ladan ya kira, ba a tozarta karatu ba. Amma cacar da ake yi a kan wasanni a wayoyin hannu haramun ce, ta kuwa cinye jarin samari da yawa. Jifa da zagi a fili su ma ba halin Musulmi ba ne.

Sa'an nan kowa ya duba nasa. Mai makaranta, in ka kau, akwai almajirin da ka shirya zai zauna a buzunka? Mai rumfa, in ka kwanta ciwo wata uku, cinikin zai tsaya da ƙafarsa? Allah Ya ba mu ikon gina abin da zai wanzu bayanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.