Ko Ka San Adireshin Da Ba Ya Buƙatar Sunan Titi?

Ko ka san cewa kowane gida a unguwar Lalala ta birnin Libreville, a ƙasar Gabon, yana da lambar da kwamfuta za ta gane shi da ita, ko da layin da yake bai da suna?

Manhajar neman wuri gurbi-gurbi take ajiye adireshi: ƙasa, gari, unguwa, titi, lambar gida, sannan ta ɗaura su a kan wani ɗigo a taswira. A Lalala kuwa kwatance ake yi. Za a ce maka Lalala ta dama ko ta hagu, ka wuce kantin magani ka yi tambaya. Wasiƙa kuma akwatin gidan waya take tsayawa, wanda suke rubutawa BP. Gurbin titi da na lamba sai su zauna wayam.

To, ga abin da ya burge ni. A 2014 injiniyoyin Google da ke Zurich suka fito da tsarin da ake kira Plus Code. Suka yanka duniya kaf gida-gida kamar dara, kowane gida aka sake yanka shi, har yankan duka ya kai sau biyar. Harufa da lambobi 10 kacal sun isa su nuna fili mai kusan mita 14 tsawo da faɗi! Alamomi 20 kawai aka zaɓa, aka cire wasula don kada lambar gidan wani ta fito da kalmar banza, aka kuma cire 1 don kada a rikita ta da wani harafi. Lissafi ne zalla, ba ya buƙatar intanet.

Lalala ma ta yi sa'a. Libreville tana dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka filinta yana fitowa daidai wa daida ta kowane gefe. Da ka nufi arewa sai ya riƙa tsukewa. Na Kano ma ya ɗan fi na Lalala siranta. Lambar Libreville da 6FGF take farawa, ta Kano kuma da 7F.

Ɗan kasuwar da ke aika kaya Gabon, ka ce wa mai karɓa ya buɗe Google Maps, ya danna inda yake tsaye, ya turo maka lambarsa.