Makankarin Teku a Ɗan Akwatin Gilashi: Kiwon da Ba Ya Son Gaggawa

A Amurka da Turai da Japan akwai masu sha'awar da ke ajiye guntun teku a falonsu. Akwatin gilashi ne cike da ruwan gishiri, da duwatsu da murjani masu rai da ƙananan kifaye, ga fitila a samansa tana aikin rana. Da can sai mai hali da fili ke wannan harka, domin tankunan na ɗaukar ɗaruruwan litoci. Yanzu kuwa yayi ya koma kan ƙanana, masu cin lita 20 zuwa 100, waɗanda teburin karatu ma ya ishe su. Cikin abubuwan da masu irin wannan tanki ke kwaɗayin sakawa, babu kamar makankarin teku da masana ke kira Tridacna.

Halitta ce mai ɓawo biyu, 'yar uwar makankarin da ake samu a kogunanmu, sai dai gidanta ruwan ɗumi ne marar zurfi na tekun Indiya da Fasifik, har zuwa Bahar Maliya, gaɓar Sudan da Saudiyya. Idan makankarin ya buɗe ɓawonsa sai ya shimfiɗo wata tsoka mai laushi a kan bakin, shuɗiya ko koriya ko ruwan zinare, da ɗigo-ɗigo da zane. A gefen tsokar akwai ɗaruruwan ƙananan idanu. Ba sa ganin siffa, amma suna gane inuwa: ka gitta hannu tsakaninsa da fitila, nan take zai janye tsokar ya tsuke baki.

Wannan kyan ba na ado ba ne kawai. A cikin tsokar akwai miliyoyin ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Su ke karɓar haske su haɗa abinci kamar yadda ganye ke yi, su ba makankarin kaso mai yawa, shi kuma ya ba su masauki da takin da ke fita daga jikinsa. Shi ya sa haske ya zama abincinsa na farko, ko da yake yana kuma tace ruwa ya tsinci abin da ya samu. Fitila mai rauni yunwa ce a gare shi, kuma yunwar ba ta nunawa da wuri. Yakan yi watanni yana ramewa a cikin ɓawo mai shi na yaba kyansa, sai a wayi gari a tarar ya hangame baki ya mutu.

Sai batun girma, inda da yawa ke yin kuskuren farko. A shago dukkansu 'yan ƙanana ne, ba su wuce tsawon yatsa ba. Amma nau'in gigas yana wuce mita ɗaya, nauyinsa ya haura kilo 200. Derasa na kaiwa santimita 60, squamosa wajen 40, kuma suna da saurin girma. Biyu ne kaɗai za a iya maganarsu a ƙaramin tanki: crocea, wanda ba ya wuce santimita 15, da maxima mai jinkirin girma. Abin takaicin shi ne su biyun ne suka fi kowa buƙatar haske mai ƙarfi, tunda a teku can sama suke zama, kusa da rana, crocea ma har rami yake haƙa wa kansa a jikin dutse. Wato wanda ya dace da tankin saboda ƙanƙantarsa shi ne ya fi wahalar riƙo.

Babbar matsalar dai ruwan ne. Mutane na ɗauka ƙaramin tanki ƙaramin aiki ne, alhali akasin haka ne. Cokalin gishirin da zai ɓace a tukunyar biki shi ne zai ɓata miyar mutum ɗaya. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Idan lita ɗaya ta ƙafe a tanki mai lita 40, gishirin bai tafi ko'ina ba, sai ma'aunin ya tashi zuwa kusan 36. A ƙara ruwa da yamma ya sauko, gobe ya sake hawa. Teku ba ta wannan hawa da sauka, kuma makankarin bai saba da shi ba. Haka zafi: ana son ya tsaya tsakanin digiri 25 da 27, amma ɗan ruwa kaɗan yana ɗumama da wuri, ya huce da wuri. Inda wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, sa'o'i kaɗan ba fanfo ba fitila sun isa su jawo asara.

Ga kuma ɓawon. Makankari na gina shi ne da sinadarin kalsiyam da kabonet da yake zuƙa daga ruwa, ba dare ba rana. Masu kiwo na riƙe kalsiyam tsakanin miligiram 400 zuwa 450 a lita, amma makankari ɗaya mai lafiya zai iya rage kabonet ɗin ɗan tanki cikin 'yan kwanaki. Dole a riƙa aunawa ana mayar da abin da ya sha, kaɗan-kaɗan. Alamar cewa abin na tafiya daidai tana bakin ɓawo: a leƙa ƙarƙashin tsokar, idan an ga sabon farin layi mai tsabta, to yana girma. Idan babu, akwai magana, komai kyan launinsa.

Yana da maƙiya. Akwai wasu 'yan dodon koɗi farare, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da ke ɓuya a ƙasan ɓawon da rana su fito da dare suna tsotson jininsa. Sai da tocila da buroshi ake rabuwa da su. Wasu kifayen ma na yagar tsokar. Sannan hannun mai shi: crocea da maxima na kafa kansu a dutse da wasu zaruruwa daga ƙasan jiki, wanda ya fizge su da ƙarfi don ya sauya musu wuri ya yaga naman ciki, kuma da wuya su tashi. In kuma makankari ya mutu ba a lura ba, ruɓewarsa kaɗai ta isa ta kashe duk abin da ke cikin lita 40.

Akwai hakkin teku a cikin lissafin nan. An daɗe ana kwasar waɗannan halittu don nama da ɓawo har suka ƙare a wasu gaɓoɓin. Tun 1985 dukkan danginsu ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta hana fitar da su daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini, kuma a 2024 ƙungiyar IUCN ta sa gigas cikin halittun da ke dab da ɓacewa. Abin da ya sassauta lamarin shi ne gonakin ruwa da ake ƙyanƙyasarsu, irin na tsibiran Palau da na Mashal. Na gona ya fi sabawa da zaman tanki, kuma sayensa bai rage na teku ba.

A ganina, wanda tankinsa bai yi aƙalla wata shida da kafuwa ba, ko ba shi da fitila mai ƙarfi da tsayayyar wuta da haƙurin auna ruwa a kai a kai, ya bar makankari a shago. Wanda ya cika waɗannan kuwa ya nemi crocea ko maxima na gona wanda ya ɗan tasa, ya gwada shi da inuwar hannu kafin ya biya kuɗi, kuma guda ɗaya ya ishe shi.