Gani Ya Kori Ji: Ki Tara Shaidar Aikinki Kafin Lalle Ya Koɗe

Hirarmu ta yau ta masu zanen fure ce, ko a hannun amarya da lalle, ko a zauren biki da furannin roba, musamman waɗanda suka iya aikin amma har yanzu ba su samu mai ɗaukarsu ba.

Ni dai a Madabo nake, cikin birnin Kano, kuma ƙunshi ne sana'ata. Abin da na lura shi ne sana'ar tamu ba ta barin shaida. Tela zai ɗinka riga ta shekara uku ana sawa. Mu kuwa jan lalle komai kyansa, sati biyu zuwa uku ya koɗe, kwalliyar zaure kuma ana tashi daga dina ake kwance ta. To idan kika je shagon kwalliya a titin Gidan Zoo, ko wajen masu ƙawata zauren biki a Nassarawa, kika ce kin iya, me za ki nuna? Tambayar farko ita ce, "Ina hotunan aikinki?"

A da sai an kira mai hoto, a jira wankin fim, a jera a albam. Yanzu albam ɗin yana cikin waya. Instagram ya fito a 2010, WhatsApp Business a 2018, sannan a 2019 aka ƙara masa wurin jera hotunan haja da bayaninsu. Abu biyu za ki haɗa: takarda da hotuna.

Takardar ita ce ta tarihin aiki, wadda 'yan boko ke ce wa si-bi. Kada sunan ya ba ki tsoro. Unguwarmu ta daɗe da suna wajen karatu tun zamanin malaman Wangarawa, kuma a zauren karatu ɗalibi ba ya cewa "na sani" kawai, sai ya faɗi wajen wa ya karanta da littattafan da ya sauke. Haka za ki yi. Shafi ɗaya ya isa: sunanki, unguwarku, lambar waya, ajin da kike ko makarantar da kika gama, wajen wa kika koyi aikin da tsawon lokacin da kika yi. Sai abin da kika iya: jan lalle, baƙi, na salatif, zanen fulawa, haɗa furen riƙon amarya, ƙawata kujerar ango da amarya. Ki faɗi yawan bukukuwan da kika yi wa aiki, da ranakun da kike da hali, misali Asabar da Lahadi da lokacin hutu, don kada sana'a ta cinye karatu. A ƙarshe ki sa sunan babbar mace ɗaya da za ta tsaya miki shaida, bayan kin nemi yardarta.

Ki kuma rubuta irin lallen da kike aiki da shi. Yawancin baƙin nan da muke ce wa dayis ana haɗa shi da rinin gashi mai sinadarin PPD, wanda kan sa wa wasu ƙaiƙayi da bororo har ya bar tabo. Mai shagon da ta san abin da take yi za ta fi yarda da yarinyar da ta fayyace wannan tun farko.

Sai hotuna. Ki goge idon kyamarar wayarki tukuna. Ki ɗauka da hasken safe a tsakar gida, don na dare yana ɓata launi. Ki shimfiɗa zani mara zane a ƙarƙashin hannun, kada buta da bokiti su fito a baya. Jan lalle yana ƙara kamawa bayan kwana ɗaya ko biyu, saboda haka ki roƙi mai ƙunshin ta bari ki sake ɗauka. Na zaure kuwa ki ɗauka kafin baƙi su shigo, ɗaya daga nesa, ɗaya dab da furen. Hoto 15 ko 20 masu kyau sun fi 100 na gayya. Ki rubuta sunanki a gefen kowanne, da ɗan bayani: "ƙunshin kamu, awa uku." Ki ajiye kwafinsu da takardar a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta, saboda ko an sace waya, Allah ya kiyaye, aikinki yana nan.

Yanzu ga gargaɗi, ki saurara da kyau. Kada ki kuskura ki ɗauko zanen 'yan Indiya ko Sudan a intanet ki ce naki ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar gwaji za a miƙo miki hannu a ce zana, nan asiri zai tonu, kuma masu shaguna sun san juna.

Na biyu ya fi nauyi. Hoton amarya amana ce. Fuskar matar mutum ta yi yawo a wayoyin maza, wallahi yana iya jawo rigimar da ba ki da ikon kashewa. Hannu da ƙafa kawai za ki ɗauka, su ma da izininta, in ta ce a'a ki haƙura. Ko a hukumance, dokar kare bayanan mutane da Najeriya ta kafa a 2023 ta ba da muhimmanci ga yardar mai abu.

Ke ma ki kare kanki. Sunan unguwa ya isa, ban da kwatancen gidanku. Ki sanar da Umma da Abba kafin ki buɗe shafi. In an kira ki ganawa, ki tafi da yayarki ko antinki, da rana, a shago. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ko hotonki kafin a ba ki aiki, ki toshe lambarsa.

Kuma kada ki raina sana'ar nan. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun gargajiya na duniya bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Ƙunshin da za ki yi wa ƙanwarki a wannan satin, shi ne hotonki na farko.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.